Akaifa, Farce da Ƙumba a Hausar Boɗinga da Shagari

Wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato ya nufi kudu, wajen Tambuwal da Jega, zai fara ratsa Boɗinga, sa'an nan in ya ƙara gaba ya iske Shagari. A garuruwan nan biyu da ƙauyukan da ke kewaye da su, in shirwa ta sauko ta suri ɗan tsako, abin da ta kama shi da shi sunansa akaifa. In kyanwa ta yakushi yaro, da akaifa ta yakushe shi. In kuwa uwar yaron ta kama hannunsa ta ga dauɗa ta taru a bakin yatsunsa, abin da za ta ce a yanke masa shi ma akaifa ce. Kalma ɗaya ce ta ɗauki ukun, ba kuwa wanda ya ke rikicewa. Rikici ya kan fara ne ran da yaron ya shiga aji, ya iske littafi yana cewa farce, malami kuma yana gaya masa wai akaifa ta dabba ce, abin da ke hannun mutum farce ne. Nufin wannan takarda shi ne a duba ko malamin nan yana da gaskiya, a kuma ga abin da Hausa ta bambanta da kanta da abin da aka zo aka bambanta mata.

Kalmomi uku ne su ke zagaya wannan ma'ana a Hausa, watau farce da ƙumba da akaifa. Dukansu suna cikin babban ƙamus na Bargery da aka buga a 1934, suna kuma cikin na Abraham na 1949, saboda haka ba baƙi ba ne, ba kuma ƙagen 'yan boko ba ne. Farce ita ce ta fi yawa a bakin Kanawa, ita ce kuma littattafan makaranta suka ɗauka. Ƙumba ana jin ta wurare da yawa, har a Kano ɗin kanta. Akaifa kuwa ƙarfinta a yamma ya ke, a ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Kabi da Gobir, har ƙetaren iyaka cikin Jamhuriyar Nijar. Amma fa kada a zaci akwai wata ganuwa tsakanin waɗannan wurare. Fatake da almajirai da 'yan ci-rani sun daɗe suna yawo da kalmomi kamar yadda su ke yawo da kaya, kuma mutumin Shagari da ya yi rani biyu a Kano ya san farce sarai, ko da ya ke in ya komo gida sai bakinsa ya koma kan akaifa.

Ta wajen nahawu kalmomin ba su tafi daidai ba. Farce namiji ne, ƙumba da akaifa kuwa mata ne. A kan ce farcensa ya yi tsawo, amma akaifarsa ta yi tsawo. Jam'in akaifa shi ne akaifu, bisa hanyar da kujera ke zama kujeru, takarda ke zama takardu. Jam'in ƙumba ƙumbuna. Na farce shi ne ya fi ban sha'awa ga mai nazarin harshe, domin a kan ce farata, sai ga t ta ɓullo inda babu ita a tilo. Dalili shi ne tushen kalmar da t ya ƙare, amma t a Hausa ta kan juya c in wasalin e ko i ya biyo ta. Abin da ya sa ke nan a ke cewa mota amma motoci, sata amma sace, mata amma mace. Farce ta shiga sahun ƙarfe da ƙarafa, turke da turaka, sirdi da sirada, inda a ke cusa dogon wasalin a tsakanin baƙaƙe biyu na ƙarshe, sa'an nan a rufe da wani a. Da wasalin ya sāke, sai t ta asali ta komo wurinta. Ɗalibin da ya gane wannan sau ɗaya ba zai sāke mamakin gunki da gumaka ba.

Akaifa, yadda aka rubuta ta a nan, rubutun littafi ne. A bakin mutanen Boɗinga da Shagari ba haka ta ke fita ba, domin Hausar yamma ba ta riƙe f yadda ta Kano ta riƙe ta. In a ce ta biyo baya sai ta zama hw, in kuwa i ko u ne sai ta zama h. Shi ya sa a ke jin hwari maimakon fari, ƙahwa maimakon ƙafa, kihi maimakon kifi. Ta haka akaifa ta zama akaihwa, akaifu kuma akaihu. Tsohuwa a Sifawa za ta ce akaihwatai ta yi tsawo, inda ta Kano za ta ce farcensa ya yi tsawo, kuma abu ɗaya su ke nufi. Kunnen Bahaushe yana jin kalmar kaifi a cikin akaifa, kamar yadda Basakkwace ke jin kaihi a cikin akaihwa, kuma wannan kusanci na sauti yana cikin abin da ya sa mutumin gabas, in ya ji kalmar, hankalinsa ya kan tafi ga abu mai huda da tsaga, ba ga ɗan abin da jariri ke karce fuskarsa da shi ba. Ga wanda aka haifa cikin kalmar kuwa, jaririn ma akaihu gare shi.

To, in Hausa ba ta raba na mutum da na dabba ba, me ta raba? Ta raba abin kamu da abin taku. Duk abin da ke bakin yatsa, a ke kamawa ko tonawa ko karta da shi, akaifa ce, ko farce, ko ƙumba. Abin da dabba ke takawa a kansa kuwa, wanda ya rufe ƙarshen ƙafa duka, shi ne kofato, jam'insa kofatai. A nan babu gardama tsakanin Kano da Sakkwato, sai dai lafazi. Doki da jaki kofato ɗaya gare su a kowace ƙafa, saniya da tunkiya da akuya nasu a rabe ya ke biyu, amma Bahaushe bai ga dalilin ba su suna dabam ba. Masu ilmin halittu sun nuna cewa farcen mutum da akaifar shaho da kofaton doki da kuben ƙahon sa duk daga abu ɗaya aka yi su, wanda su ke kira keratin, shi ne kuma abin da gashi ya ke. Watau ta wajen halitta kofato ma ɗan'uwan farce ne. Harshe dai bai bi wannan ba, aiki ya duba.

Akwai kalma ta huɗu da ya kamata a ajiye a gefe, ita ce dagi. Dagi ba akaifa ba ce, hannun ne dungum na dabbobi irin su zaki da damisa da kyanwa, da tsokarsa da yatsunsa. Kalmar nan ce kuma a ke kiran zanen ƙulli da ita, wanda maɗinka ke yi wa riguna, magina ke yi wa bango, har ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, a ke ce masa Dagin Arewa. Bambancin dagi da akaifa ba na ado ba ne, maharba sun san amfaninsa. Dangin kyanwa suna iya janye akaifunsu su ɓoye cikin dagi, ba su fito da su sai za su kama ko za su hau. Kyanwar gida akaifu 18 gare ta, biyar biyar a ƙafafun gaba, huɗu huɗu a na baya, amma in ta ratsa rairayi ba a ganin alamar ko ɗaya. Kare da dila da kura kuwa ba su iya janye nasu, kullum a waje su ke, suna gugar ƙasa har su dakushe. Saboda haka maharbi in ya iske babban sawu a bakin fadama, abin da ya kan fara dubawa shi ne ko akwai ɗigon akaifu a gaban yatsu. In akwai, kura ce ko kare. In babu, sai ya gyara riƙon bakansa.

Sai dai wannan sani ya fara zama na tsofaffi. Zaki ya ƙare a dazuzzukan ƙasar Sakkwato, ragowar zakokin Nijeriya kaɗan ne, a gandun dajin Kainji da na Yankari. Yaron Shagari na yau bai san dagin zaki ba sai a hoto. Abin da ya ke koyon ma'anar akaifa da shi su ne dabbobin da ya ke gani kullum: kyanwa, wadda mutanen yamma ke ce wa mussa, da kurege mai haƙar rami a gona, da damo, da tsuntsaye.

Tsuntsayen su ne suka fi nuna faɗin kalmar. Shaho da shirwa da gaggafa da mujiya akaifunsu dogaye ne, lanƙwasassu, masu tsini, da su su ke kamu, da su kuma su ke kisa. Kaza da zabo nasu gajeru ne masu faɗi, na tonon ƙasa. Ungulu, duk da girmanta da ƙugiyar bakinta, ƙafarta ta fi kusa da ta kaza, akaifunta ba su da kaifi, ba ta iya surar kome ta tashi da shi, dalili ke nan mushe ta ke jira. Ita ma dai ta yi ƙaranci ƙwarai, har ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a 2015, kuma cinikin kanta da ƙafafunta a wurin masu magani yana cikin dalilan. Dukan waɗannan tsuntsaye, mai kisa da mai tono da mai jiran mushe, sunan abin da ke yatsunsu ɗaya ne. Abin da aka ware shi ne tsinin nan da ke bayan ƙafar zakara, wanda ya ke faɗa da shi. Shi ba a bakin yatsa ya ke ba, saboda haka ba a ce masa akaifa, ƙaimi a ke ce masa, sunansa ɗaya da ƙarfen da mahayi ke zungurar doki da shi.

Mai karatu zai iya tambaya, in suna ɗaya ne, ƙaƙa a ke gane wanne a ke nufi? Amsa ita ce nauyin ba bisa suna ya ke ba, bisa aikatau ya ke. Shirwa sura ta ke yi, kaza tono, kyanwa yakushi, ƙaya karta, mutum kuwa susa da mintsini da ɓarar gyaɗa. Da an ji aikatau an san mai aikin, har sau da yawa ba a bukatar ambaton sunan abin ko kaɗan. Karin magana ya tabbatar da haka. Mutumin da ba ya cutar kowa a kan ce masa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Mai yawan bincike a kan tuna masa cewa kaza mai yawan tone-tone wata rana za ta tono wuƙar yanka ta. Wanda aka yi ta yi wa makirci bai fāɗi ba a kan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Duka ukun maganar akaifa ce, amma ba inda aka kira sunanta.

Inda sunan ya fito fili a cikin salon magana kuwa, na mutum a ke nufi. Masu ƙumbar susa, ko masu farcen susa, su ne masu hali, waɗanda in bukata ta taso suna da abin biyanta. Hoton da ke ciki mai sauƙi ne: kowa ƙaiƙayi na damunsa, amma ba kowa ke da abin sosawa ba. A lura cewa ƙumba da farce suna musanyar wuri a nan ba tare da ma'ana ta motsa ba, wannan kuwa shaida ce babba cewa asalinsu abu ɗaya su ke nufi. Ƙumba tana da wata ma'ana ta biyu da 'yan'uwanta ba su da ita, watau ɓawon nan mai tauri na ƙwaron ruwa da a ke tsinta a bakin gulbi, kuma wanda ya ɗora shi kusa da babban yatsansa zai ga dalilin sunan. Farce ita ma ta sami nata rabo a zamanin nan. Jan abin da mata ke shafawa a yatsu ya shigo kasuwa da sunan jan farce, ya kuma bi 'yan koli har ƙauyukan da ba a cewa farce. Yarinya a Danchadi tana iya sayen jan farce ta shafa wa akaihunta, ba ta ga wani saɓani a ciki ba.

Daga ina ne ra'ayin nan ya fito, na cewa akaifa ta dabba ce kaɗai? Hanyoyi biyu ne suka gamu. Ta farko ita ce daidaita Hausa. Tun daga aikin Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930, da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kafa Hukumar Hausa a 1955, Hausar Kano ce aka ɗauka ma'auni. Farce ta sami kujerar littafi, sauran biyun suka tsaya a bakin ƙofa. Ta biyu ita ce Turanci. Ingilishi yana da nail na mutum, da claw na dabba, da talon na tsuntsu mai farauta. Faransanci, wanda yaran Nijar ke karatu da shi, yana da ongle da griffe da serre. Mai fassara in ya ga kalmomi uku a can, ya waiwayo ya ga uku a nan, zuciyarsa ta kan raya masa ya aurar da su ɗaya ga ɗaya. Tun da ya ke farce ta riga ta zama ta littafi, sai aka ba ta mutum, akaifa kuma, da ya ke baƙuwa ce ga kunnen gabas, ga kuma kaifi a cikinta, sai aka tura ta daji. Dabara ce mai kyawun gani a kan allo, amma ba a tambayi masu kalmar ba.

Da abin ya tsaya ga Turanci da da sauƙi. Inda ya ke da nauyi shi ne wajen Larabci, domin a can hukunci ke rataye da kalma, kuma ƙasar nan ta Boɗinga ba baƙuwar wannan aiki ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810 har 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817, ƙanensa Abdullahi kuma a Boɗinga ya zauna a lokacin. Tun daga wannan zamani har yau malamin zaure aikinsa ke nan, ya karanta Larabci ya juya shi da Hausa ko Fulatanci kalma bayan kalma. Larabci kuwa ya fi Hausa yawan rabe-rabe a wannan fage. Yana da zufur, da mikhlab na tsuntsu ko naman daji mai kamu, da hafir na doki da jaki, da zilf na saniya da akuya, da khuff na raƙumi. Hafir da zilf ba su da wuya, kofato ya ɗauke su. Zufur da mikhlab su ne ke bukatar hankali.

Zufur kalma ce mai faɗi. Ita ce a ke amfani da ita cikin hadisin da ya lissafa yanke farce cikin al'amuran fiɗira, ita ce cikin hukuncin mai harami da aikin Hajji wanda aka hana shi yankewa, ita ce kuma cikin hadisin Rafi'u ɗan Khadij, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, inda aka hana yanka dabba da haƙori ko da farce. A duk waɗannan na mutum ne a gaba. Amma ita ce dai ta zo a Suratul An'am, aya ta 146, inda aka ambaci dabbobin da aka haramta wa Yahudawa, kuma Tafsirin Jalalaini, wanda a ke karantawa a masallatai da watan azumi, ya bayyana cewa abin nufi shi ne dabbar da yatsunta ba su rabu ba, ya ba da misali da raƙumi da jimina. Ga kalma ɗaya ta haɗa hannun alhaji da ƙafar raƙumi. Da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya zo wannan aya cikin tarjamarsa ta Alƙur'ani, wadda aka fara bugawa a 1979, kalmar da ya zaɓa ita ce akaifa. Shi mutumin Gummi ne, a ƙasar Zamfara, akaifa a bakinsa tana da faɗin da zufur ke da shi. To, a ɗauki ɗalibin da aka koya wa a aji cewa akaifa ita ce makamin zaki da shaho kaɗai. In ya buɗe tarjamar nan zai fahimci cewa namun daji masu farauta a ke nufi, raƙumi da jimina ba za su zo masa a rai ba, alhali su ne misalin da malaman tafsiri suka fara kawowa. Gyaran da aka yi masa a darasin Hausa ya ɓata masa karatu a wani darasi.

Mikhlab kuwa matsalarta ta juya ne. Akwai hadisi a Sahihu Muslim, daga Ibn Abbas, da ya hana cin naman daji mai fiƙa da tsuntsu mai mikhlab. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun tafi a kan haramcin tsuntsaye masu farauta. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar ƙasar Hausa, ta halatta su, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, da kuma Muhtasar na Halil. Ba aikin wannan takarda ba ne ta shiga tsakanin mazhabobi. Abin da ya shafe ta shi ne, malamin da ya fassara mikhlab da akaifa kawai, ya yi shiru, ya jefa kaza da zabo da tantabara cikin saɓanin da ba ruwansu da shi, gama su ma akaifu gare su. Malaman da suka ƙware ba su yin shirun. Su kan ƙara bayani, su ce tsuntsu mai kamu da akaifa, ko mai farauta da ita, kamar shaho. Watau sun koma ga hanyar Hausa ta asali, sun bar aikatau ya yi rabon da suna bai yi ba.

Saura maganar aji, wadda ita ce ta fi shafar malaman kwalejojin horon malamai. Ba wanda zai ce kada a koya wa yaron Boɗinga farce. Jarrabawa da daidaitacciyar Hausa a ke yin ta, littattafan da zai karanta da ita aka rubuta su, malamin da ya ɓoye masa kalmar ya cuce shi. Amma akwai abubuwa biyu da a kan cakuɗa, ya kamata a raba su. Na ɗaya lafazi ne. Yaron da ya rubuta akaihwa, sai a nuna masa cewa ƙa'idar rubutu f ta ke so, ya rubuta akaifa, kamar yadda zai rubuta ƙafa ko da ƙahwa ya ke faɗi. Wannan gyara ne na gaskiya. Na biyu zaɓen kalma ne. Yaron da ya rubuta cewa ya yanke akaifarsa ran Juma'a bai yi kuskure ba, Hausa ya rubuta, wadda ke cikin ƙamus tun kafin a haifi malaminsa. Abin da ya dace shi ne a rubuta masa farce a gefe, a ce ga yadda littafi ke faɗi, ba a ja masa jan layi a ce ya mai da kansa dabba ba. Yara su kan yi dariya in an faɗi haka, wanda aka yi wa dariyar kuwa ya kan koma gida yana jin kunyar maganar uwarsa.

Har ma gyaran da a ke yi da gaggawa ya kan haifi kuskuren da babu shi da fari. Yaro ya rubuta akaifata ta karye, jimla sosai. Malami ya soke akaifa ya ɗora farce a sama, ya wuce. Yaro ya kwafe, ya sami farceta ta karye, abin da ba Bakano ba Basakkwace da zai faɗa. Kalmar da aka cire tamace ce, wadda aka sa namiji ne, sai an sāke mallaka da wakilin suna duka kafin a sami farcena ya karye. Malamin da zai yi musanyar, wajibi ne ya bi jimlar har ƙarshenta.

Mai yiwuwa ne masu rubuta littattafan kimiyya su ga suna bukatar kalma ta musamman domin abin da Turawa ke kira claw, su kuma ga akaifa ta fi dacewa. Ba laifi a cikin wannan, harsuna sun saba raba gado tsakanin kalmomin da suka yi tarayya, kuma kwamitocin ƙirƙirar kalmomi aikinsu ke nan. Sharaɗi dai shi ne a faɗa a sarari cewa yarjejeniya ce sabuwa, ta cikin darasin kimiyya, kada a mai da ita hukunci a kan Hausar da ta riga ta. Mai tsara ƙamus kuma, in ya zo kan akaifa, ya kamata ya ba da ma'anonin biyu tare, ya nuna cewa a yamma ta mutum ce kuma ta dabba, ya sa jam'inta da jinsinta, ya kuma kawo misali ɗaya daga bakin shirwa, ɗaya daga hannun mai yankan akaifa da ke zagaya rumfuna ran kasuwar Shagari yana kaɗa almakashinsa.